Fargaba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ma'anarta, Asalinta da Yadda Ake Amfani da Ita

Waya ta yi ƙara da ƙarfe biyu na dare. Kafin hannunka ya lalubo ta, kafin idonka ya tantance sunan mai kira, wani abu ya riga ya yanke a ƙirjinka ya faɗi. Ba a gaya maka komai ba tukuna. Wannan ɗan tsakanin, daga ƙarar waya zuwa jin abin da ke tafe da mai kiran, shi Bahaushe ya raɗa wa suna fargaba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan kalmar, da amsoshinsu.

Mece ce fargaba?

Rashin natsuwa ne da ke kama mutum idan yana tsammanin wani abu marar daɗi, alhali abin bai iso ba, ko ya iso amma labarinsa bai tabbata ba. Abu biyu ne ke haɗuwa su haife ta: jira da rashin sani. Cire ɗaya daga ciki, sai kalmar ta canza. Wanda ya riga ya ji mummunan labari ya fita daga fargaba, ya shiga alhini. Wanda ba ya tsammanin komai kuma, hankalinsa kwance yake, ko da masifa na bakin ƙofa.

Kuma ba a tunani kaɗai take tsayawa ba. Tana da bugun ƙirji, da bushewar baki, da tafin hannu mai gumi, da kasa zama wuri ɗaya.

Daga ina kalmar ta fito? Ararriya ce daga Larabci?

A'a. Da yawa daga kalmomin da muke bayyana halin zuci da su aro ne: wasuwasi daga waswasa, shakka daga shakk, taraddadi daga taraddud, hatta hankalin da ke cikin tashin hankali daga kalmar aƙal ta Larabci ya samo tushe. Fargaba kuwa 'yar gida ce, gaba da baya. Kalmomi biyu ne suka manne: faɗi da gaba. Wato dai faɗuwar gaba ce aka dunƙule ta zama kalma guda.

Hausa ta saba gina suna ta wannan hanya, a ɗauko aikatau a jingina masa suna: ɓata-gari, cika-baki, share-fage, rufa-ido. Bambancin shi ne waɗannan har yanzu ana ganin ɗinkinsu, shi ya sa ake raba su da karan ɗori. Ita fargaba ta daɗe a bakin mutane har ɗinkin ya ɓace, mai furta ta ba ya ma tuna cewa yana cewa "gaba ya faɗi". Ni dai ranar da na fara gane wannan, sai na ji kalmar ta dawo mini sabuwa fil. Wanda ya fara haɗa ta bai tsaya bayanin tunani ba, abin da ya ji a ƙirjinsa kawai ya faɗa.

To, ta yaya ɗ ta koma r?

Wannan tsohuwar ɗabi'a ce ta harshen. Idan wasalin da ke bin t, d ko ɗ ya faɗi, baƙin ya tsinci kansa a ƙarshen gaɓa, sai ya rikiɗe ya zama r. Misalai na nan birjik a bakinmu. Kada ta zama kar. "Sun faɗa masa da duka" ta zama "sun far masa". Farke mutum ɗaya ne, amma jam'insa fatake, inda t ɗin asali ta sake bayyana. Farka da faɗaka 'yan ɗaki ɗaya ne, shi ya sa muke da faɗakarwa. Ɓarna daga ɓata take. Har yau a Hausar yamma, irin ta Sakkwato, ana jin biyat inda wasu ke cewa biyar.

Wani Bajamushe masanin harshe, August Klingenheben, ya tsara bayanin wannan sauyi a wata maƙala da ta fito tsakanin 1927 da 1928, kuma masu nazarin Hausa na kiran ƙa'idar da sunansa har yanzu. Ita ce kuma ke bayyana dalilin da ya sa talaka ya haifi talauci, da yadda zamna ta koma zauna.

Wani ƙarin bayani ga mai koyon furuci: r ɗin fargaba irin ta ƙarshen biyar ce, wadda harshe ke karkarwa da ita, ba irin ta ruwa ko rana ba. Rubutun boko na yau da kullum ba ya bambanta su, amma kunnen Bahaushe na bambantawa.

Wane gaba ake nufi? Kalmar ai tana da ma'ana da yawa.

Gaban jiki, wato ƙirji da abin da ke cikinsa. Ba gaba ta ƙiyayya ba, wadda ake jan wasalinta na farko, ba kuma gaɓa mai ɓ ba. Shi ne gaban da ke cikin "gabana ya faɗi ras" da "gabana na dukan uku-uku".

Me ya raba ta da tsoro? Ba abu ɗaya ba ne?

Dangi ne, amma kowa da ɗakinsa. Tsoro yana da fuska. Ka ga maciji a hanya, ka ji tsoro. Abin yana gabanka, ka san daga inda za ka gudu. Fargaba ba ta da abin nunawa da yatsa. Ita ce ta wanda zai ratsa ciyawa da dare, bai ga maciji ba, amma kowane motsi sai gabansa ya faɗi. Shi ya sa ma takan fi tsoro gajiyarwa, don wanda ya ga abin tsoro yakan gudu ko ya tsaya, a yi ta ta ƙare, mai fargaba kuwa ba shi da abin guje wa.

Ka duba mutumin da ke zaune a kan benci yana jiran sakamakon gwajin jini. Ya naɗe 'yar takardar lambarsa, ya warware, ya sake naɗewa har ta yi laushi. Duk sanda ƙofa ta buɗe sai ya ɗaga kai, ya ɗan miƙe, a kira wani suna, ya koma ya zauna. Ka tambaye shi me yake tsoro, ba zai iya ce maka ga shi ba. Ka ce masa "fargaba ce", zai gyaɗa kai.

Akwai kuma wani bambanci da nake ganin ya fi kowanne nauyi. Daga tsoro Hausa ta fitar da tsorata, da tsoratar, da matsoraci, kuma matsoraci zagi ne. Daga fargaba ba ta fitar da sunan da za a goranta wa mutum da shi ba. Babu wanda ake kira mafargabci. Harshen ya ɗauki tsoro a matsayin abin da zai iya zama halin mutum, fargaba kuwa ya bar ta a matsayin yanayi mai zuwa ya wuce, wanda ke kama jarumi ya kama rago. Namijin da ba zai taɓa yarda ya ce "ina tsoro" ba, zai ce "wallahi ina fargaba" a gaban jama'a, ba wanda zai ga gazawarsa.

Zullumi fa, da ɗar-ɗar, da firgita, da sauransu?

A nan Hausa ta yi wadata, kuma abin takaici ne a ga ana cusa su duka a buhu ɗaya.

Zullumi ya fi fargaba tsawon rai, ya fi ta zama a tunani. Fargaba bugu ce, zullumi saƙa da warwara ne. Wanda bashi zai cika masa wa'adi nan da wata guda yana kwana da zullumi. Ranar da ya hango mai bashin ya nufo shi, fargaba ce za ta kama shi. Ɗar-ɗar kuma kalma ce mai kwaikwayon bugun kansa, kuma ta fi nuna yadda mutum ke taka-tsantsan: yana ɗar-ɗar da maigidansa, ba ya sakin jiki. Idan aka ce gari na zaman ɗar-ɗar, kowa na harkarsa amma kunnensa a waje.

Firgita da razana na faruwa ne farat ɗaya, bayan abin ya auku: ƙofa ta buga, ka zabura. Kiɗima da ɗimauta da gigicewa sun wuce nan, su ne matakin da tunani ke kwancewa, mutum ya sa takalmi ƙafa ɗaya ya fita, ya rasa gabas ya rasa yamma. Taraddadi na mai zaɓi biyu ne da ya kasa tsai da ɗaya. Tsarguwa ta mai abin ɓoyewa ce, irin wanda ake wa karin maganar nan, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wasuwasi kuwa tunani ne mai naci da ke dawowa ko an kore shi. Tashin hankali shi ne babbar rumfa da duk suke fakewa a ƙarƙashinta, har ya kai ana kiran rikici da faɗa da wannan suna.

"Fargabar" ake cewa ko "fargaban"?

Duka biyun ana jin su a bakin Hausawa. Mai cewa "fargaban abin da zai biyo baya" yana da hujja, don gaba namiji ne: gabana ya faɗi muke cewa, ba ta faɗi ba. Mai cewa "fargabar" shi ma yana bin wata ƙa'ida mai ƙarfi, wadda ke mayar da yawancin sunaye masu ƙarewa da a mata. Ta biyun ce ta fi yawa a labaran rediyo da jaridu yanzu. Shawarata ga marubuci ita ce ya zaɓi ɗaya ya riƙe ta har ƙarshen rubutunsa, kada ya ce "fargaba ta kama shi" a sama, ya dawo "fargaba ya sake shi" a ƙasa.

Tana da alaƙa da "farga"? Ina ganin ana rubuta "ban fargaba".

Wannan kuskure ne, kuma ya yaɗu ƙwarai a rubutun waya. Farga aikatau ne mai nufin ankara ko lura, kamar a fargar Jaji, wato ankara bayan lokaci ya ƙure. Idan aka kore shi sai a ce "ban farga ba", kalmomi uku, ba ɗin ƙarshe na korewa ne kuma zaman kansa yake. Fargaba kuwa suna ne, kuma far da gaba aka haɗa, ba farga da ba ba. Jimla ɗaya za ta iya ɗaukar duka biyun: "Ban farga ba sai da aka kira sunana, nan take fargaba ta kama ni."

Yaya ake sa ta a jimla?

Ana yin ta, ana jin ta, ana shiga cikinta. Tana kama mutum, tana cika shi, tana hana shi barci. Wani na iya jefa jama'a cikin fargaba, wani ya kawar musu da ita. Abin da ake fargabar yana biyo ta kai tsaye: fargabar jarrabawa, fargabar haihuwa, fargabar kada a ji. Wannan kada ɗin abokiyar tafiyarta ce: "Ina fargabar kada ruwa ya tare su a hanya." Ba ta da jam'i, ba a kuma juya ta ta zama aikatau. Idan ana son aikatau, sai a koma wa uwar da ta haife ta a ce gabansa ya faɗi, ko ka faɗar mini da gaba.

Me ya sa 'yan jarida ke yawan cewa "ana fargabar mutane sun mutu"? Daidai ne?

Daidai ne, muddin ba a tabbatar ba. Kwalekwale ya kife, ana neman mutane, ba a ga gawa ba, ba a ga mai rai ba: wannan zaman jira da rashin sani shi ne ainihin mazaunin kalmar. Amma da zarar an tsamo gawarwaki an ƙirga, ba sauran fargaba a kansu. Ci gaba da cewa "ana fargabar" a lokacin ɓata labari ne, har yana iya sa dangi su riƙe wani fata da babu shi.

Wanda ya fi damuna shi ne wani amfani da ya shigo ta hanyar fassara daga Turanci, inda za ka ji an ce "ina fargabar ba zan samu halartar taron ba". Mai maganar nan gabansa bai faɗi ba, uzuri kawai yake bayarwa cikin ladabi. Bahaushe cewa yake "a yi mini haƙuri, ba zan samu zuwa ba", ko "da wuya in samu zuwa". Idan muka riƙa kashe fargaba a kan irin waɗannan ƙananan uzurori, ranar da uwa za ta ce tana fargabar halin da ɗanta ke ciki, kalmar ba za ta yi nauyin da ya kamace ta ba.

Shin da gaske wani abu na faɗuwa a ƙirji?

Babu abin da ke barin wurinsa, amma abin da ake ji ɗin gaskiya ne. Da ƙwaƙwalwa ta hango alamar haɗari, wani ɗan sashe nata da ake kira amigdala kan tayar da ƙararrawa tun kafin tunani ya gama tantance abin. Saƙo ya bi jijiyoyi zuwa wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciyar da a zaune take bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ga babban mutum, sai ta ƙara sauri da ƙarfi. Numfashi ya ƙaru. Jini ya ragu a hanji ya karkata zuwa manyan tsokoki, don jiki na shirin gudu ko kokawa. Wani masanin aikin jiki a Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, shi ya yi fice wajen bayyana wannan shiri na jiki a 1915.

Abin da ke burge ni shi ne, kusan kowane mataki na wannan bayani Bahaushe ya riga ya ba shi suna daga abin da ya ji a jikinsa. Bugun zuciya: gabana na dukan uku-uku. Abin da ke faruwa a hanji: cikina ya ɗuri ruwa, 'ya'yan hanjina sun kaɗa. Tsayawar yawu: bakina ya bushe. Tsokar da ta ɗaure: jikina na ɓari. Gashin fata da ya miƙe: tsikar jikina ta tashi. Ga gumi da ke karyowa ko a cikin sanyi. Jiki magayi.

Ana yin fargabar abin alheri?

Ana yi, idan akwai rashin tabbas a ciki. Mai shiga ganawar neman aiki da mai hawa mumbari karon farko duk suna yi, don abin na iya kyau yana iya ɓaci. Idan murna ce zalla ake jira, sunanta ɗoki ko zumuɗi. Rawar jiki kuma na cin tudu biyu: ana yin ta don tsoro, ana yin ta don marmari.

Idan gabana ya faɗi haka kawai, alama ce wani abu zai faru?

Mutane da yawa sun yarda da haka, sukan ce "jikina ya ba ni". Ba na raina wannan magana, don wani lokaci jiki kan tsinci alamar da hankali bai kula da ita ba: muryar da ta canza, shirun da ya yi yawa. Amma a yi adalci wajen lissafi. Ranar da gaba ya faɗi kuma labari ya zo, ba ma mantawa har abada. Ranaku ɗari da ya faɗi ba abin da ya faru, ba ma ƙirga su. Sannan rashin barci, da gajiya, da ƙarancin jini, da abin sha mai sinadarin kafeyin, duk suna sa zuciya ta yi tsalle ba tare da wani labari na tafe ba. Akwai kuma na wanda ya taɓa gamuwa da masifa, jikinsa ya riƙe ta: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wasu na cewa yawan fargaba raunin imani ne. Haka ne?

Wannan magana ta cutar da mutane da yawa, ta sa sun haɗiye abin da ke cin su. Alƙur'ani, a Suratul Ƙasas, aya ta 18 da ta 21, ya siffanta Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da cewa yana cikin tsoro yana sauraron abin da zai biyo baya. Tsoro tare da jira, wannan ai ita ce fargaba, kuma ba a ambace ta a matsayin aibi gare shi ba. Addu'a da ambaton Allah na sanyaya zuciyar mai imani, babu ja a kan wannan. Amma bugun ƙirji aikin jijiya da jini ne, kamar yadda zazzaɓi yake, kuma ba wanda ke ce wa mai zazzaɓi imaninsa ne ya yi rauni. Idan ɗan'uwanka ya ce maka yana fargaba, fara da tambayarsa ta mece ce, tun yaushe, yana samun barci kuwa.

Yaushe fargaba ke tashi daga yanayi ta zama ciwo?

Idan ta daina tafiya bayan dalilinta ya wuce, ko ta riƙa zuwa ba dalili. Likitocin ƙwaƙwalwa kan duba ko damuwar ta shafe mafi yawan ranaku har tsawon wata 6, tana hana barci, tana hana aiki, tana sa mutum guje wa wuraren da ya saba zuwa. Akwai kuma mai zuwa kamar farmaki: zuciya ta yi ta lugude, numfashi ya sarƙe, mutum ya tabbata mutuwa zai yi, abin ya kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci sannan ya lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ire-iren wannan lalura a faɗin duniya. Ana magance ta, ta hanyar zama da ƙwararre a koyi sarrafa tunani, wani lokaci a haɗa da magani.

Ga ta yau da kullum, jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali fiye da yadda aka ja shi yana rage gudun zuciya. Amma idan faɗuwar gaba ta zo da ciwon ƙirji, ko jiri, ko suma, kada a tsaya ana cewa fargaba ce, a tafi asibiti nan take, don ciwon zuciya da matsalar ƙullutun maƙogwaro mai haddasa maƙoƙo na iya zuwa da irin wannan kama.

In na je wurin likita, wace kalma zan yi amfani da ita?

Kada ka tsaya a "ba na jin daɗi" ko "hankalina ba ya kwance". Faɗi abin da jiki ke yi, da lokacin da yake yi. Ka ce gabana na faɗuwa sau kaza a rana, ya fi yawa da asuba, yana zuwa da gumi da rawar hannu, yakan ɗauki minti kaza. Ka bambanta masa ko zullumi ne mai hana ka barci, ko firgita ce mai tashe ka daga barcin, ko wasuwasi ne mai maimaita tunani ɗaya. Kowanne da inda yake nuna wa likita ya duba. Idan kuma wani ka raka, ka bar shi ya faɗa da bakinsa, kada ka riga shi da "ba komai ba ne, tsoro ne kawai".